Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka tura wa wani zanenka na kwamfuta

Duk wanda ya ratsa unguwar Banifandu a Yamai da hantsi, kunnensa ne zai fara gaya masa inda masu walda suke kafin idonsa ya gan su. A da, mai son ƙyauren ƙarfe ko rumfar mota yakan tsuguna ya zana abin da yake so a ƙasa da tsinke, ko a bayan takardar buhun siminti, maigidan rumfa ya gyaɗa kai, a yi ciniki. Yau sau da yawa waya ake miƙa masa. Ga zane an turo ta WhatsApp, da tsawo da faɗi da kaurin kowane ƙarfe, wani yaro da ya yi karatu a makarantar EMIG ko a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ne ya fitar da shi a kwamfuta.

Mu ɗauki misali da irin wannan yaro. Ya yi mako guda yana lissafin ƙafafun ƙarfe da za su ɗauki tankin ruwa mai lita 5,000 a kan rijiyar burtsatse. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tan 5 ne zai zauna sama da kawunan mutane. Ya tura wa mai walda fayil, an biya shi, an yi aiki. Bayan wata uku ya sake duba lissafinsa, ya ga cewa in iskar farkon damina ta buga da ƙarfi, sai an ƙara ƙarfen gicciye a tsakiya. Ya gyara. Amma kafin nan mai walda ya tura wa ƙanensa a Doso, ƙanen ya tura wa abokinsa a Birnin Ƙonni, kuma kowane kwafi na ɗauke da sunan yaron a kusurwa. An ci guminsa ba a biya ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi: zanen da ya san yana da rauni yana yawo da sunansa, kuma ba shi da hanyar kiransa ya dawo.

Fayil kamar magana yake, zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Wanda ya yarda da wannan tun farko zai daina neman kwaɗon da ba a taɓa ƙera shi ba, ya mai da hankali kan abin da ke hannunsa da gaske: takardar da aka sa wa hannu, irin fayil ɗin da ya bayar, da kuma zamansa shi kaɗai ne ake zuwa wurinsa in ana son zubi na ƙarshe.

Me ya raba samfurin kwamfuta da zanen takarda?

CAD, ko CAO a bakin waɗanda suka yi karatu da Faransanci, shi ne zane da ƙira da taimakon kwamfuta. Manhajar da ta fi suna a wannan fage, AutoCAD, kamfanin Autodesk na Amurka ne ya fitar da ita a 1982, daga baya irin su ArchiCAD da SolidWorks da Revit da SketchUp suka cika kasuwa. Zanen takarda siffar abu kawai yake nuna maka. Samfurin kwamfuta kuwa yana ɗauke da cikinsa: kowane rami da girmansa, kowane ƙarfe da nauyinsa, da yadda wannan ma'auni ya dogara da wancan, ta yadda in ka ƙara tsawon ƙafa ɗaya sauran sassa su daidaita kansu. Ana iya ɗura shi cikin injin yankan faranti ko injin buga abu na 3D, inji ya bi shi ba tare da mai zanen yana wurin ba. Irin wannan inji ba baƙo ba ne a yankinmu, domin tun 2013 Afate Gnikou ya haɗa guda a cibiyar WoeLab ta Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Tsofaffin maƙeran Yamai za su fi gane bambancin in aka tuna musu murhun ƙarfe mai tsimin itace da aka sa wa suna Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a birnin tun shekarun 1980. Sirrin irin wannan murhu yana ga tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon ƙarfe. In ta yi faɗi zafi ya gudu, in ta matse wuta ta shaƙe. Shi ya sa ake ba maƙeri ma'aunin da zai ɗora a kan faranti ya yanka. Ma'auni na hannu yana lanƙwashewa, yana ɓacewa, in kuma aka kwafe shi daga kwafi sai ya riƙa zamewa, har dole a koma wurin mai asali a karɓi sabo. Wannan komawar ita ce take barin igiya a hannun mai ƙira. Fayil ba ya lanƙwashewa. Kwafi na ɗari daidai yake da na farko, har da kuskuren da ke cikinsa.

Sayarwa ce, haya ce, ko aro?

Manomin Nijar ba ya bukatar lauya ya bambanta masa saye da haya da aro da jingina. Tun da aka kafa dokar karkara ta 1993, hukumomin filaye da ake kira Kofo suke rubuta wa kowanne irin takardarsa daban, saboda an sha ganin aron gona na baki da baki yana rikiɗewa ya zama gado bayan shaidu sun kwanta dama. Haka zane yake. Lasisi haya ne ko aro: ka ba mutum izinin yin wani abu da ka ambata, a wurin da ka ambata, zuwa lokacin da ka ambata, gona kuwa taka ce. Sayar da haƙƙi wani abu ne daban, nan ka rabu da gonar.

Inda rigima take tasowa shi ne, mai saye yana ganin tun da ya biya kuɗi kuma fayil na cikin wayarsa, to ya mallaka. A doka ba haka ba ne. Wanda ya sayi littafi a kasuwa ya mallaki takardun, bai mallaki ikon buga wasu dubu ya sayar ba. Kamfanonin manhaja sun daɗe da sanin amfanin wannan bambanci. Wani ɗan kasuwa a Amurka, Timothy Vernor, ya sayi tsofaffin fayafayan AutoCAD daga wani ofishin zanen gine-gine yana sayarwa a eBay. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ofishin ba mallakar manhajar ya yi ba, lasisi aka ba shi, don haka ba shi da abin sayarwa. A 2016 kuma Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na kuɗin wata da shekara. Mai zanen Banifandu yana biyan haya ga kamfanin Amurka da sharuɗɗa shafi-shafi, bai kamata shi kuma ya miƙa nasa aikin ba tare da layi ɗaya a rubuce ba.

Akwai haƙƙi guda da ba ya cikin ciniki a dokokin da suka gaji tsarin Faransa, har da tamu: haƙƙin a ambaci sunanka a kan aikinka, kuma kada a ɓata shi a jingina maka. Ko ka sayar da komai, wannan yana nan tare da kai.

Abin da doka ta tsare, da inda ta tsaya

Nijar na cikin yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ta lissafa taswirori da zanen gine-gine cikin ayyukan da ake tsarewa, ta kuma ce kariya ba ta jiran rajista. Da zarar ka ƙirƙiri aikin, haƙƙi ya tabbata. A cikin gida akwai dokar 23 ga Disamba 2010 kan haƙƙin mai ƙirƙira, da ofishin BNDA a Yamai da ke kula da shi. Mutane sun fi sanin BNDA da mawaƙa, amma dokar ba ta mawaƙa kaɗai ba ce. Rajista ba sharaɗi ba ce, sai dai ranar da aka je gaban alƙali za a tambaye ka shaidar cewa kai ka riga, don haka ajiye kwafi mai kwanan wata a hannun hukuma ko jami'in shaidar takardu ba asara ba ce.

To amma ga inda masu zane da yawa suke yaudarar kansu. Wannan haƙƙi zanen yake tsarewa, ba dabarar ba. In wani ya kwafi fayil ɗinka ya rarraba, ya taka doka. In kuwa ya zo da tef ɗinsa ya auna ƙafafun tankin da ke tsaye a bakin titi, ya koma rumfarsa ya ƙera irinsu, da wuya ka kama shi da wannan doka, domin abu ne na amfani zalla, ba na ado ba. Gini mai siffa ta musamman, irin gidajen Niamey 2000 da Mariam Issoufou da abokan aikinta suka zana aka gina da tubalin ƙasa matsattse, ya fi samun kariya nesa ba kusa ba, saboda siffar kanta aikin fasaha ce.

Dabara da siffar kayan masana'antu suna da tasu ƙofa, wato hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa, aka sabunta ta a 1999 da kuma 2015 a Bamako. Ƙasashe 17 ne a cikinta, kuma rajista ɗaya ta wadatar a dukkansu. A Yamai ofishin AN2PI ne mahaɗa da ita. Takardar ƙirƙira tana tsare sabuwar dabara shekara 20, ta ƙaramar dabarar amfani shekara 10, rajistar siffa shekara 5 da ake sabuntawa har ta kai 15, alamar kasuwanci kuwa shekara 10 da ake ta sabuntawa ba iyaka. Ukun farko duk suna bukatar abu ya zama sabo, saboda haka wanda ya riga ya watsa zanensa a Facebook yana iya rushe damarsa da hannunsa. A nemi rajista tukuna, sannan a nuna wa duniya.

Kada kuma a manta Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde tana aiki a Dakar da Abijan da Njamena, amma ba ta tsallake Ɗan Isa ta shiga Jibiya. Wanda kayansa za su kai Katsina ko Kano sai ya nemi rajista daban a Abuja.

Duk wanda ya ga wannan magana ta yi nisa da talaka ya tuna albasar Galmi. Wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman kariya a OAPI da sunan Violet de Galmi, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin aka bar wa Galmi sunanta. Darasin da na ɗauka a ciki shi ne, suna ya fi saurin tsaruwa a kan dabara. Ƙaramin mai zane da ba shi da kuɗin neman takardar ƙirƙira, kuma ƙafafun tankinsa ba sabon abu ba ne a duniya, alamar kasuwanci ce ta fi masa amfani. Kowa na iya ƙera makamancin abin, amma ba mai ikon manna masa alamarka sai wanda ka yarje wa.

Lasisin da ba ya komowa

A shafukan rarraba zane irin su Thingiverse, wanda aka buɗe a 2008, za a ce ka zaɓi lasisi kafin ka ɗora, kuma galibi na Creative Commons ne. An fitar da na farkonsu a Disamba 2002, zubi na 4.0 kuma a 2013. Haruffansu huɗu ne ake haɗawa su ba da lasisi shida. BY na nufin a ambaci sunanka. SA na nufin wanda ya gyara ya saki nasa da irin sharaɗin. NC ya hana kasuwanci da shi, ND kuma ya hana rarraba wanda aka sauya. Cibiyar binciken CERN da ke Janeba ta fitar da nata lasisin musamman na zanen kayan aiki a 2011, ta sabunta shi a 2020 ta kasa shi uku, daga mai tilasta a buɗe duk gyaran da aka yi zuwa mai sakin mara.

Waɗannan lasisi alheri ne babba, kuma ɗalibanmu suna cin moriyarsu kullum. Sai dai a san abin da ake shiga: wakafi ne, ba aro ba. Lasisin Creative Commons ba a janye shi. Kana iya sauke fayil daga shafinka gobe, amma duk wanda ya riga ya karɓa yana da izini muddin yana kiyaye sharuɗɗa, kuma yana iya ba wani. Ba shi da wajibin karɓar gyaranka. Ko ya saɓa sharaɗi, zubi na 4.0 ya ba shi kwana 30 bayan ya gano ya gyara, izininsa ya dawo. Lasisin ya kuma hana mai rarrabawa sa wa fayil makullin da zai tauye masu karɓa. Saboda haka wanda burinsa shi ne ya riƙe ikon cewa wane ya shiga wane ya fita, wannan ba hanyarsa ba ce.

Ko NC ɗin da mutane ke fakewa da shi ba ya tsare kansa. A 2016 wani shago a eBay ya kwashi tarin zane-zane da hotuna daga Thingiverse yana tallan buga su don kuɗi, har da waɗanda aka hana kasuwanci da su. Sai da masu zanen suka haɗa kai suka yi ta kai ƙara kafin aka sauke tallan. Lasisi yana ba ka hujja ne, bin sawu kuwa aikinka ne.

Akwai hanyar tsakiya da na fi so ga matasanmu. Tun da haƙƙin naka ne, kana iya sakin sassauƙan zubi kyauta ga ɗalibai da masu koyo, ka riƙe cikakken da lissafinsa ga wanda ya zo kuka yi takarda.

Wane fayil za ka bayar?

Ba duk fayil ne ɗaya ba, kuma a nan ne mai zane ya fi iko, tun kafin ya taɓa maɓallin turawa. Uwar fayil, wato DWG na AutoCAD ko RVT na Revit ko makamancinsu, ita ce take ɗauke da yadda aka gina samfurin, wanda ya same ta ya sami kicin ɗinka da tukwanenka. STEP da IFC an yi su ne don musaya tsakanin manhajoji daban-daban, suna ba da siffa daidai amma ba sa ba da tarihin matakan da aka bi. STL, wanda ya fito a 1987, fatar abu ce kawai da aka ɗinka da ƙananan kusurwa-uku, ya isa a buga amma gyara shi wahala ne. DXF na sassan da za a yanka ya ishi mai injin yanka. Mai walda kuwa PDF ko takarda mai ma'aunai ta ishe shi.

A ba kowa gwargwadon aikinsa. Wannan ba rowa ba ce, domin uwar fayil a hannun wanda bai san lissafin da ke ƙarƙashinta ba haɗari ce. Sai dai kada a ɗauki PDF a matsayin ganuwa, AutoCAD na iya shigo da layukansa ya mai da su zane. Yana rage saurin mai kwafa ne kawai.

Tsohon zubi: nan ne rai yake

Maganar kuɗi tana da muhimmanci, amma maganar gyara ta fi ta. Zane mai rai ne, yana canzawa in an gwada shi a fili. A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta rutsa asibitoci, kamfanin Prusa na birnin Prag ya saki zanen garkuwar fuska ga ma'aikatan lafiya, kuma cikin ƴan makonni ya tashi daga RC1 zuwa RC2 zuwa RC3 saboda gyare-gyaren da gwaji ya nuna. Abin da ya taimaka shi ne kowane zubi yana da lambarsa, kuma kowa ya san shafi ɗaya da zai je ya ga na ƙarshe.

Manyan ayyukan gini suna da ƙa'idar duniya kan wannan, ISO 19650 ta 2018. Ta ce a tara bayanan aiki a wuri guda, kuma kowane fayil a san matsayinsa: ana kan aikinsa, an raba shi don a duba, an amince a yi aiki da shi, ko an ajiye shi a tarihi. Ba sai kana gina gada a kan Kogin Kwara ba kafin ka ari wannan hankali. Ofisoshin zanenmu sun riga sun san akwatin nan na kusurwar takarda da ake rubuta A, B, C a cikinsa duk lokacin da aka yi gyara. Abin da ya rage shi ne a ɗauke shi da gaske ko a ƙaramin aiki. A sa harafin zubi da kwanan wata da lambar wayar mai zane a kan kowane shafi, a cikin sunan fayil ma haka. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan zane na aiki kaza ne a wuri kaza, kuma kafin a yanka ƙarfe a kira a tabbatar shi ne na ƙarshe. A ajiye littafi, ko na makaranta ne, da ke nuna wa aka ba wane zubi kuma yaushe. Wanda ya iya ya ƙara alamar QR da ke kai mutum shafin da zubi na ƙarshe yake. Ta haka ko fayil ya yi tafiya har Agadas, yana ɗauke da hanyar komawa gida.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan. Gyara iri biyu ne, kuma bai halatta a haɗa su a farashi ɗaya ba. Gyaran da ke ƙara kyau, ko rage ƙarfen da ake ci, ko saurin haɗawa, wannan haja ce, mai zane ya sayar da ita ga wanda ya biya kuɗin shekara. Gyaran da ke hana tanki faɗowa kan yara masu ɗiban ruwa ba haja ba ce. A aika shi ga duk wanda aka san yana riƙe da zanen, wanda ya biya da wanda bai biya ba, har wanda ya same shi ta bayan gida, a kuma sanar a fili. Rigimar kuɗi a yi ta daga baya. Yaron da ke cikin misalinmu, ranar da ya gano raunin, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya kira mai walda ya tambaye shi sunan duk wanda ya tura wa, ba don ya kai su ƙara ba, don ya kai musu ƙarfen gicciye.

Rumbun intanet: mabuɗi a hannun wa?

Hanya mafi ƙarfi ta riƙe iko a yau ita ce kada fayil ya fita sam. Manhajoji irin su Onshape, wanda kamfanin PTC ya saya a 2019, suna ajiye samfuri a rumbun intanet. Kai ne ke cewa wannan ya duba kawai, wancan ya gyara, wane kuma ya iya saukewa, ranar da kuka rabu ka rufe masa ƙofa. Kowa zubi ɗaya yake gani, matsalar tsohon zane ta ragu ƙwarai. A kula dai, tsarin kyauta na Onshape yana barin zanenka a buɗe ga kowa.

Amma rumbun nan ba a gidanka yake ba. Mai iya rufe wa wani ƙofa, shi ma akwai mai iya rufe masa. A Oktoba 2019 kamfanin Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, sai daga baya ya sami izini ya fasa. A Maris 2022 Autodesk ya dakatar da harkokinsa a Rasha. Mu a Yamai ba labari aka ba mu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya taɓa hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari a tsaye. Mai aiki da rumbun intanet ya riƙa sauke kwafi a STEP ko IFC yana ajiyewa a faifansa, lokaci-lokaci, a wuri biyu.

Adalci kuma ya shafi ɗaya ɓangaren. Mai gidan da ya biya kuɗin zane yana da haƙƙin ya san inda bututu da wayoyi suka bi ko bayan shekara 20, ko mai zanen ya koma Faransa ko ya riga mu gidan gaskiya. Ikon rufe ƙofa bai kamata ya kai ga ƙwace wa mutum abin da ya riga ya biya ba. Ana iya yarda a ajiye uwar fayil amana a hannun mutum na uku, a buɗe ta in an cika wasu sharuɗɗa da aka rubuta.

Abin da shafi ɗaya zai ɗauka

Ba sai takarda mai shafi 30 ba. Shafi ɗaya da Faransanci, a karanta shi da Hausa ko Zabarmanci a gaban shaidu biyu, ya fi alkawarin baki ko na aminai. A faɗi wane zane ne da harafin zubinsa, guda nawa aka yarda a ƙera, a wane gari, zuwa yaushe. A faɗi ko izinin na mutum ɗaya ne shi kaɗai ko za a iya ba wasu, ko yana iya tura wa wani, ko yana iya sauyawa, in kuma ya sauya to ya cire sunan mai zane kuma alhaki ya koma kansa. A faɗi yadda za a biya, dunƙule ko a kan kowane guda, da tsawon lokacin da gyara ke zuwa cikin kuɗin. A faɗi abin da zai faru in an rabu, da inda za a kai ƙara, misali kotun kasuwanci ta Yamai ko sasanci. Wanda ke zane a ƙarƙashin ofishi ko wata ƙungiya ya duba takardar ɗaukarsa aiki tun yau, domin wataƙila abin da yake ganin nasa ne na maigidansa ne.

Wasu za su ce ai ilimi ba a sayar da shi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da alamar kasuwanci dukiya ce da shari'a ta tsare, ba ya halatta a yi ta'addi a kanta. Hukuncin yana yanka ta gefe biyu. Lasisin AutoCAD na shekara ya kai wajen dalar Amurka 2,000, sama da sefa miliyan ɗaya, abin da ya sa fasasshiyar manhaja ta yi yawa a kwamfutocinmu, lasisin ɗalibai kuma bai halatta aikin kuɗi ba. Mai neman a kiyaye haƙƙinsa ya fara da kiyaye na wasu. FreeCAD kyauta ce ta halal, ta kai zubi na 1.0 a Nuwamba 2024, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ta isa aikin ƙyaure da rumfa da ƙafafun tanki.

Ɗan'uwa mai zane, kafin ka tura fayil na gaba, buɗe shi ka sa harafin zubi da kwanan wata da lambar wayarka a kowane shafi, ka rubuta sunan wanda za ka ba a littafinka. Kai kuma maigida mai walda, in zane ya zo maka ta hannun wani, kira lambar da ke kusurwa kafin ka kunna injin yanka.